Takardar 'Yan Sanda Kafin Magani: Ina Majalisa Ta Kwana Game Da Dokokin Da Ta Kafa?

Dokoki biyu ne Majalisar Dokoki ta Tarayya ta kafa domin hana asibitoci juya wa mutumin da ke bakin mutuwa baya, ɗaya a shekarar 2014, ɗaya kuma a 2017. Dukansu an sa musu hannu, an buga su, kuma kowaccensu ta tanadi tara da ɗauri ga wanda ya saɓa mata. Amma duk da haka, a birnin Abuja, inda ginin Majalisar yake, har yanzu direban da ya tsinci mai rauni a bakin titi cikin dare yakan tsaya ya yi nazari kafin ya ɗauke shi, saboda yana tsoron tambayar da za a yi masa a ƙofar asibiti, watau "Ina takardar 'yan sanda?", da kuma wadda za a yi masa a caji ofis daga baya.

Wannan tambaya tana da asali, kuma asalin nata doka ce. Bayan yaƙin basasa, sa'ad da makamai suka yawaita a hannun mutane, fashi ya zama ruwan dare, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar soja ta musamman kan fashi da makami a 1970. A shekarar 1984 gwamnatin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta sabunta ta da dokar soja mai lamba 5. Sashe na 4 na wannan doka ya ɗora wa duk wani mutum ko asibiti da ya karɓi wanda ake zaton raunin harsashi ne a jikinsa, ko ya ba shi magani, nauyin sanar da 'yan sanda nan take. Mutumin da ya ƙi yin haka yana iya shan ɗaurin da zai kai shekara 5, asibiti kuwa a ci shi tarar Naira 10,000, kana a rufe shi.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu guda. Dokar ba ta ce kada a yi wa mai rauni magani ba, cewa ta yi a kai rahoto. Amma a zamanin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbe su a bainar jama'a, babu likitan da yake son a kira shi mai ɓoye ɓarawo. Saboda haka asibitoci, musamman masu zaman kansu, suka ga hanyar da ta fi musu sauƙi ita ce su juya tsarin: maimakon a yi magani sannan a kira 'yan sanda, sai a ce a fara kawo shaida daga 'yan sanda tukuna. A hankali abin ya zama al'ada, har ya wuce masu raunin bindiga ya shafi wanda aka daɓa wa wuƙa da wanda mota ta buge ta gudu. Wannan doka ta 1984 kuwa ba a soke ta ba, ta shiga kundin dokokin tarayya na 2004.

Abin Da Dokokin Biyu Suka Ce

Ta farko ita ce Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa. Ta daɗe tana kai da komowa a Majalisa. An zartar da ita a 2011, Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba, saboda jayayyar da ta ɓarke tsakanin ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da kuma ƙorafin wasu shugabannin addini. Aka sake gyara ta, aka zartar, sa'an nan ya sa hannu a ƙarshen 2014. Sashe na 20 na dokar gajere ne ƙwarai: ba a yarda wani ma'aikacin lafiya ko wani asibiti ya hana mutum taimakon gaggawa ba bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko kuma a haɗa masa duka biyun.

Ta biyu ita ce dokar tilasta yin magani da kulawa ga waɗanda aka harba, wadda Majalisa ta takwas ta zartar a 2017, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya sa mata hannu a watan Disamba na wannan shekara. Wani abin lura shi ne, hannun da ya kafa dokar 1984 shi ne ya zo bayan shekara 33 ya sa hannu a wadda aka yi don warware ƙullin da ta farko ta jawo.

Wannan doka ta fi ta 2014 fayyace al'amura. Ta ce tilas ne kowane asibiti a ƙasar nan, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harsashi ya yi masa magani nan da nan, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko da kuɗin kafin alƙalami ko babu. Bayan an fara magani, asibitin yana da awa 2 ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. 'Yan sanda ba su da ikon ɗauke majiyyacin don bincike sai babban likitan asibitin ya tabbatar da cewa ya sami sauƙin da zai iya. Mutumin da ya yi taimako ya kawo shi, dokar ta ce a mutunta shi, kada a tsare shi da tambayoyi na ba gaira ba dalili. Asibitin da ya ƙi kai rahoto za a ci shi tarar Naira 100,000. Duk wanda kuma ya tsaya ya zura ido, ko ɗan sanda ne ko ma'aikacin asibiti, har mai raunin ya rasu alhali ana iya cetonsa, hukuncinsa tarar Naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun.

A takarda dai babu abin da ya rage. Wanda ya karanta dokar zai ce magana ta ƙare.

Mutuwa Biyu A Abuja

Ba a yi wata 7 da sa hannu ba sai aka gwada dokar a ƙofar gidan masu yin ta. A daren 4 ga watan Yuli, 2018, saura kwana 1 ta kammala hidimar ƙasa, wani ɗan sanda ya harbi wata budurwa a cikin mota a tsakiyar birnin Abuja. Aka garzaya da ita Asibitin Garki, can ta cika. Danginta suka ce an yi jinkirin duba ta ana neman takardar 'yan sanda, hukumar asibitin kuwa ta musanta, ta ce an karɓe ta an kuma yi iyakar ƙoƙari. Majalisar Dattawa, a ƙarƙashin Dakta Bukola Saraki, ta tattauna batun, ta umurci kwamitocinta su bincika. Rundunar 'yan sanda ta kori ɗan sandan daga aiki ta gurfanar da shi gaban shari'a.

Bayan shekara 5, ran 26 ga watan Satumba, 2023, 'yan fashin nan da ke yin shigar direbobin haya, waɗanda mutanen Abuja ke kira "wan cans", suka jefo wata mata daga cikin mota a kan babbar hanyar da ta tashi daga Maitama zuwa Kubwa. Masu wucewa suka ɗauke ta zuwa Asibitin Gundumar Maitama. Ba da daɗewa ba labari ya cika ƙasa cewa an ƙi karɓarta sai an kawo takarda. Majalisar Dattawa ta sake zama a kan magana iri ɗaya, ta sake ba da umurnin bincike. Hukumar Birnin Tarayya, a ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, ta kafa nata kwamitin, wanda daga baya ya ba da rahoton cewa matar ta riga ta cika kafin a iso da ita. A watan Oktoba na wannan shekara kuma Babban Sufeton 'Yan Sanda, Kayode Egbetokun, ya aika da umurni ga dukan rassan rundunarsa cewa a yi aiki da dokar 2017 sosai da sosai.

A nan akwai abubuwa biyu da muhawarar da aka yi ta tsallake. Na farko, matar da ta rasu a 2023 ba harbinta aka yi ba, saboda haka dokar da ta shafe ta ita ce ta 2014, mai tarar Naira 100,000, ba ta 2017 da kowa ya yi ta ambato ba. Wanda aka sara da adda, ko wanda ya faɗo daga mota, ko mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, ba ya cikin inuwar dokar 2017. Na biyu, ko da an yarda da dukan abin da asibitocin biyu suka faɗa, saurin da jama'a suka yi wajen gaskata zargin shaida ce a kan kansa. Mutane ba su yarda da labari ba sai sun san irinsa yana faruwa. Haka kuma, in har sai Babban Sufeto ya rubuta takarda a 2023 yana tunatar da jami'ansa dokar da aka kafa tun 2017, to wannan shekara 6 ke nan da dokar ta yi tana barci.

Ikon Da Majalisa Take Da Shi

Aikin Majalisa bai tsaya ga kafa doka ba. Sashe na 88 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane zaure daga cikin zaurukan biyu ikon binciken yadda hukumomi suke aiwatar da dokokin da Majalisa ta kafa da yadda suke kashe kuɗin da ta ware, domin a gyara kurakuran doka, a kuma tona asirin cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowane mutum ya zo ya ba da shaida, in ya ƙi a ba da sammacin kamo shi. Game da Abuja kuwa nauyin ya ninka, domin sashe na 299 ya mai da Majalisar Tarayya ita ce majalisar dokokin Birnin Tarayya. Kano tana da majalisarta, Sakkwato tana da tata, amma asibitocin Maitama da Asokoro da Wuse da Kubwa da Nyanya da Bwari da Kuje ba su da wata majalisa da ke duba kasafin kuɗinsu in ba wannan ba. A jihohi lauyoyi suna iya yin gardama kan ko dokar tarayya game da lafiya ta hau kan asibitin jiha kai tsaye. A Abuja babu wannan mafaka.

Sai dai cikin 'yan Majalisar Dattawa 109 mutum 1 ne kawai yake wakiltar Birnin Tarayya, cikin 'yan Majalisar Wakilai 360 kuma mutum 2. Sauran duk hankalinsu yana mazaɓunsu, kuma ba a asibitin gunduma yawancinsu suke ganin likita ba.

Yadda aka saba yi shi ne, in an yi rashi mai tayar da hankali, sai wani ɗan majalisa ya miƙe da ƙudurin gaggawa, a yi jawabai masu ratsa jiki, a yi shiru na minti ɗaya, a miƙa wa kwamiti ya kawo rahoto cikin 'yan makonni. Ƙudurin majalisa kuwa ba doka ba ne, shawara ce, wanda aka aika wa yana iya ajiye ta a aljihun tebur. Kafin wa'adin kwamitin ya cika wani sabon al'amari ya taso, hankali ya koma can. Irin wannan bincike yana bin gawa ne a baya. Abin da ba a cika gani ba shi ne kwamiti ya keɓe rana, ba tare da kowa ya mutu ba, ya kira Ministan Lafiya da Ministan Shari'a da Babban Sufeton 'Yan Sanda da shugabannin asibitoci su zauna a teburi ɗaya, a tambaye su: masu raunin harsashi nawa asibitocin Abuja suka karɓa a bara? Nawa aka kai rahotonsu cikin awa 2? Likita nawa 'yan sanda suka tsare saboda ya yi wa mai rauni magani? Ƙara nawa aka shigar a kotu a ƙarƙashin sashe na 20? Dokar 2017 ta wajabta wa asibitoci su riƙa ajiye bayanin irin waɗannan majiyyata, saboda haka alƙaluman suna da wurin da za a nemo su.

A Ingila, tun daga 2008, an ɗora wa ma'aikatun gwamnati cewa bayan shekara 3 zuwa 5 da kafa doka su rubuta wa kwamitin majalisa bayanin yadda dokar ta yi aiki, kwamitin kuma ya duba ko akwai bukatar zurfafa bincike. Da ana bin irin wannan tsari a nan, da dokar 2017 ta zo gaban kwamiti tun kafin abin da ya faru a hanyar Kubwa. A Indiya kuwa, inda suka yi fama da wannan cuta ta jiran 'yan sanda, Kotun Ƙoli ce ta yanke hukunci a 1989 cewa ceton rai yana gaba da duk wata ƙa'idar bincike, daga baya kuma a 2016 ta ba da ƙarfin doka ga ƙa'idojin kare mutumin da ya taimaki wanda ya yi hatsari.

Ba a manta ba kuma cewa ran 3 ga watan Yuni, 2015, ana dab da rufe Majalisa ta bakwai, Majalisar Dattawa ta zartar da shirye-shiryen doka 46 cikin kimanin minti 10. Majalisar da takan yi irin wannan sauri wajen haihuwar doka, ba abin mamaki ba ne in ta yi nawa wajen renonta.

Wa Zai Biya?

In aka zauna da masu asibitoci, maganar takardar 'yan sanda rabin zance ce. Sauran rabin kuɗi ne. Mutumin da harsashi ya shiga cikinsa yana bukatar jini, da ruwa, da hoto, da tiyata, wani lokaci da ɗakin kulawa ta musamman, kuma sau da yawa an kawo shi ne ba a san sunansa ba, balle danginsa. Dokar 2017 ta ce a yi masa duk wannan ba tare da an karɓi ko kwabo ba tukuna, amma ba ta faɗi wanda zai biya asibitin ba in majiyyacin ya rasu ko ya warke ba shi da hali. Ta ɗora kaya, ba ta kawo gammo ba. Mai ƙaramin asibiti a Kubwa ko Lugbe da ya yi irin wannan aiki sau biyu ko uku bai ga kuɗinsa ba, a karo na gaba zai sami dalilin da zai ce a wuce gaba, kuma "takardar 'yan sanda" ko "babu gado" su ne dalilan da suka fi sauƙin faɗi. Wannan giɓi ne ya sa a 2021 Sanata Oluremi Tinubu, wadda take wakiltar Legas ta Tsakiya a lokacin, ta gabatar da shirin gyara dokar domin a kafa asusun da zai riƙa biyan kuɗin irin wannan magani.

Gaskiya ne dokar 2014 ta yi wani tanadi. Sashe na 11 ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin kuɗin na inshorar lafiya ne, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 na gine-gine da kayan aiki da motoci, kashi 10 na ma'aikata, sai kashi 5 na taimakon gaggawa. To amma kasafin kuɗin 2015 da na 2016 da na 2017 duk sun wuce ta hannun Majalisa ba a sa wa asusun komai ba. Sai a kasafin 2018 ne Majalisa ta takwas, bayan matsin lambar ƙungiyoyin likitoci da na farar hula, ta cusa Naira miliyan dubu 55 da 'yan kai. Wannan abin yabo ne, kuma ya nuna cewa in Majalisa ta ga dama tana iya tilasta wa gwamnati bin doka ta hanyar riƙe bakin jaka. Ya kuma nuna cewa shekara 3 ta yi tana amincewa da kasafin da ya saɓa wa dokar da ita kanta ta kafa.

Mai karatu yana iya yin lissafin da kansa. Kashi 5 cikin 100 na wannan kuɗi kimanin Naira miliyan 2,750 ne. In aka raba shi ga mutanen ƙasar nan, kusan miliyan 200 a lokacin, kowa ba zai tashi da Naira 15 a shekara ba. Da wannan kaso ne aka kafa tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya da taimakon gaggawa na ƙasa, wanda aka fara gwajinsa a Abuja a 2022, bisa manufar cewa za a ɗauki nauyin maganin majiyyaci na awa 48 na farko. Tsarin yana da kyau, kuma shi ne amsar da ta fi kusa da tambayar masu asibitoci. Amma amfaninsa ya dogara ne ga ko ana sakin kuɗin a kan kari, da ko ana biyan asibitocin da suka yi aiki ba tare da sun yi wata da watanni suna sintiri a ma'aikata ba. Wannan ma aikin kwamiti ne ya bi sawu.

Shi kansa hukuncin da aka tanada lokaci ya cinye shi. Sa'ad da aka rubuta tarar Naira 100,000 a 2014, kuɗin ya kai kimanin Dalar Amurka 600. A 2024, da Dala ta haura Naira 1,500, bai kai Dala 70 ba, kusan kuɗin buhun shinkafa guda a ƙarshen wannan shekara. Babban asibitin kuɗi a Maitama ko Wuse ba zai ji ko gezau ba, domin biyan tarar ya fi masa arha nesa ba kusa ba a kan yi wa baƙon da ba shi da kowa tiyata.

Har ila yau akwai ɓangaren ma'aikata, wanda doka ba ta iya samar da shi da alƙalami. Likitocin asibitocin Hukumar Birnin Tarayya sun shiga yajin aiki fiye da sau ɗaya a 2025, suna kukan ƙarancin ma'aikata da bashin haƙƙoƙinsu da lalacewar kayan aiki. Likita ɗaya da ke tsaron sashen gaggawa shi kaɗai da dare, ga marasa lafiya a kwance har ƙasa, ba tsoron ɗaurin wata 6 ne zai ƙara masa hannu ba. A wannan birni ne kuma shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilu na 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don kiwon lafiya, alkawarin da ake kira da sunan Abuja. Kasafin tarayya, wanda Majalisar nan ce take zartar da shi kowace shekara, galibi yana yawo ne a wajejen kashi 4 zuwa 6.

Gyaran da ake bukata a dokokin ba mai wuya ba ne, kuma duk yana cikin ikon zaurukan biyu. A daidaita sashe na 4 na dokar fashi da makami da dokar 2017, yadda ɗan sanda ba zai sami abin da zai riƙe likita da shi ba. A faɗaɗa kariyar da aka yi wa mai taimako ta haɗa da duk wanda ya kawo mai rauni, ba mai raunin bindiga kaɗai ba, tun da hatsarin mota ya fi harbi yawa a hanyoyin Kubwa da Nyanya da Gwagwalada. A ɗaga tarar, a kuma fayyace wanda zai biya asibiti da wa'adin biyan. Sa'an nan a rubuta a cikin dokar cewa tilas Ministan Lafiya da Babban Sufeton 'Yan Sanda su riƙa kawo wa Majalisa rahoto kowace shekara. Kwamitocin lafiya da na shari'a da na harkokin 'yan sanda da na Birnin Tarayya duk suna nan a zaurukan biyu, kuma daga ƙofar Majalisa zuwa Asibitin Gundumar Maitama tafiyar 'yan mintoci ce a mota.